Babi na Shida: Ƙauyukan da Libreville Ta Hau Kansu

A daren 12 ga Fabrairun 2012 idon duk mai son ƙwallo a Afirka yana kan Angondjé, wata unguwa da ke arewa da Libreville. A sabon filin wasan da Sinawa suka gina a can ne Zambiya ta doke Kwaddibuwa da bugun fenariti 8 da 7, ta ɗauki kofin nahiyar a karon farko. Yawancin 'yan kallo ranar suka fara jin sunan wurin. Amma akwai wasu 'yan tsiraru a Libreville da Brussels da Paris da suka daɗe suna rubuta Angondjé a takardunsu, kuma babu ruwansu da ƙwallo. A wurinsu sunan wani salon ginin tukwane ne, na mutanen da suka zauna a wannan gaɓar teku daga wajen shekara ta 1000 har zuwa lokacin da jiragen Turawan Fotugal suka fara leƙo bakin kogin Komo a ƙarshen ƙarni na 15.

Tarihin birnin da ake koya wa yara gajere ne. A 1839 hafsan sojan ruwan Faransa Bouët-Willaumez ya ƙulla yarjejeniya da Sarki Denis Rapontchombo na ƙabilar Mpongwe. A 1843 aka gina sansanin Fort d'Aumale. A 1849 kuma aka zaunar da bayin da aka ƙwato daga jirgin Elizia, daga nan aka fara ƙirga shekarun gari. Sai dai tuddan da ke kewaye da wurin sun ga ƙauyuka sun tashi sun mutu tun shekaru 2,500 da suka wuce. Kafin su ma akwai mafarauta, waɗanda ɓarɓashin duwatsun da suka fafare ya riƙa fitowa a ramukan yashi na La Sablière, inda manyan attajirai da jakadu suke zaune a yau.

Matsalar ita ce babu abin da za a ɗauki baƙo a nuna masa. Wanda ya je Surame, babban birnin da Muhammadu Kanta na Kabi ya gina a farkon ƙarni na 16, ba ya bukatar malami ya gaya masa an yi gari a nan, domin ganuwar dutse tana nan tana ba da shaida shekaru ɗari uku bayan an watse. Haka Kufan Kanawa da ke ƙasar Damagaram, inda Anne Haour ta yi tono. A Libreville kuwa mutum zai iya tsayawa a tsakiyar ƙauyen da ya girmi Surame da shekara dubu biyu, bai ga komai ba sai ciyawa da jar ƙasa, ko kuma shagon mai sayar da siminti.

Don a gane girman wannan rashi, sai a dubi wurin da Allah ya sauƙaƙa wa masu tonon tarihi aikinsu. A kwarin Chaco da ke jihar New Mexico ta Amurka, kakannin ƙabilun Hopi da Zuni da Acoma sun gina manyan gidaje na dutse tsakanin shekara ta 850 da 1150. Mafi shahara shi ne Pueblo Bonito, mai ɗakuna fiye da 600, wani sashensa hawa huɗu. Gumaguman itacen da aka yi rufi da su a gidajen kwarin sun haura 200,000, kuma a kafaɗa aka ɗauko su daga duwatsun Chuska da Zuni, tafiyar kilomita 75 ko fiye, ba jaki ba amalanke. Richard Wetherill da George Pepper sun fara tono a can a 1896, Neil Judd ya ɗora a shekarun 1920, suka tarar da ɗakuna da rufinsu, da tukwane jere, da ƙasusuwan jajayen aku da aka kawo daga kudancin Meziko. A 2009 Patricia Crown ta gano ragowar koko a jikin wasu dogayen kofunan yumɓu na gidan, alhali bishiyar koko mafi kusa tana da nisan kusan kilomita dubu biyu.

Abin da ya adana duk wannan shi ne fari. Chaco da ƙyar take samun ruwan sama milimita 230 a shekara. Libreville tana samun kusan 2,900, wato ya ninka na Kano sau uku har da ɗoriya. Kuma mutanen gaɓar Gabon ba da dutse suke gini ba, don ba su da dalilin yin hakan. 'Yan mishan na ƙarni na 19, irin su John Leighton Wilson da ya kafa mishan ɗin Baraka a 1842, sun yaba gidajen Mpongwe, dogaye masu tsabta, an yi jikinsu da gwangwala an rufa da ganyen tukurwa. Can cikin daji kuma ɓawon itace ake jerawa a jikin dirkoki. Irin wannan gida ya dace da ƙasar, yana shan iska, ruwa ba ya kwana a kansa, kuma idan gona ta gaji ana iya barinsa a koma wani tudu ba tare da asara ba. Da an tashi, gara da damina su gama da shi cikin 'yan shekaru. Ita ma ƙasar tana da tsami, tana narkar da ƙashi, na mutum ne ko na dabba.

Abin da ya rage shi ne rami.

A shekarun 1960 wasu Faransawa mazauna Gabon, cikinsu da Bernard Farine da Yvan Pommeret, sun kafa ƙungiyar masu sha'awar tarihin da, suna bin wuraren da katafila ta yanka don yin hanya suna tsintar kaya. Aikin ya zama na ƙwararru ne a shekarun 1980. A 1983 Shugaba Omar Bongo ya jagoranci kafa CICIBA, cibiyar nazarin wayewar al'ummomin Bantu, wadda ƙasashe wajen goma suka shiga, aka ba ta sashen tonon tarihi. A Jami'ar Omar Bongo kuma malamai irin su Lazare Digombe da Michel Locko suka buɗe nasu ɗakin bincike. Bernard Clist, wanda ya yi karatunsa a Brussels ya zo aiki CICIBA, shi ya tona Okala, wani tudu da ke gaba kaɗan da filin jirgin saman Léon Mba. Da aka kankare saman ƙasa, sai ga baƙaƙen da'irori a jikin jar ƙasar, kowace da'ira bakin rami ce da aka cike tun zamanin da.

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Kano ya san yadda kududdufi ke samuwa: a haƙa ƙasar gini, ramin ya zauna, unguwa ta mayar da shi juji har ya cika. Ramukan tsoffin ƙauyukan tsakiyar Afirka ƙanana ne a kan haka, bakinsu bai fi taku ɗaya ko biyu ba, ko da yake wasu sun fi tsayin mutum zurfi, amma ƙarshensu ɗaya ne. Masana suna ta muhawara a kan dalilin haƙa su tun farko, wasu su ce yumɓu aka ɗiba, wasu su ce rumbun ƙasa ne, wasu kuma suna ganin akwai waɗanda aka yi don tsafi, saboda an samu tukwane cikakku an kife su da gangan. Ko ma mene ne, sharar gida ce ta cika yawancinsu, kuma sharar nan ita ce kundin tarihin.

A Okala an fito da tsingaron tukwane masu zanen da aka yi da wani abu mai haƙora kamar mataji, da duwatsun niƙa, da gawayi, da ƙwarar kwakwar manja da ta ƙone, da ɓawon wata gyaɗar daji da 'yan Gabon ke ci har gobe. An kuma samu gatura da fartanyu na gogaggen dutse, irin waɗanda manomi a ƙasar Hausa kan tsinta a gona ya ce gatarin aradu ne. Ƙarfe kam babu. Awon gawayin ya nuna an zauna a wurin daga wajen shekara ta 500 zuwa ta 150 kafin Miladiyya, kuma irin waɗannan tukwane sun bayyana a wurare da yawa, daga gaɓar teku har tsakiyar kogin Ogooué. Mutumin da ke gina tukunya mai nauyi, yana haƙa rami mai zurfi, yana goge dutse don sare itace, ba mai wucewa ba ne. Ya zo zama. Yawancin masana suna danganta waɗannan ƙauyuka da bazuwar masu harsunan Bantu, waɗanda masana harshe tun daga Joseph Greenberg suka ce tushensu yana kan iyakar Najeriya da Kamaru. Ya kamata dai a riƙe wannan da hannu biyu amma ba a damƙe ba, domin tsingaro ba ya faɗin harshen wadda ta gina tukunyar.

Me suke nomawa? Doya ba ta barin alama, rogo da masara kuwa sai bayan zuwan Fotugal suka shigo daga Amurka. Amsa mafi ban mamaki daga maƙwabta ta zo. A kudancin Kamaru, a Bwambé da ke kusa da Kribi da kuma Abang Minko'o da ke dab da iyakar Gabon, wata tawagar Jamusawa ta tace ƙasar irin waɗannan ramuka da ruwa, sai ga ƙwayoyin gero da suka ƙone, na tsakanin shekara ta 400 da ta 200 kafin Miladiyya. Gero fa, na fura da kunu, wanda aka fara nomawa a yankin Sahel, inda aka samu tsohuwar shaidarsa a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali tun wajen 2500 kafin Miladiyya. Manomin Daura zai ce wannan tatsuniya ce, gero ba ya son ruwa mai yawa, zangarniya ruɓewa za ta yi. Katharina Neumann da abokan aikinta sun bayyana abin da cewa kimanin shekaru 2,500 da suka wuce yanayi ya sauya, rani ya ƙara tsawo, dajin ya yi faci-faci, aka samu sarari da lokacin da gero zai nuna. A ramukan Obobogo da ke Yawunde, waɗanda Pierre de Maret ya tona a farkon shekarun 1980, an samu ƙwallon atili tare da kwakwa. A Nkang kuma Christophe Mbida ya ba da rahoton alamun ayaba, ko da yake har yanzu akwai masu ja da wannan.

Wajen sanya shekara ma an fi ƙarfin mai tono a Gabon. Bishiya a ƙasa mai sanyi da zafi tana ƙara da'ira ɗaya a cikin gangar jikinta kowace shekara, mai kauri idan an yi ruwa, siririya idan an yi fari. Wani masanin taurari, A. E. Douglass, ya jera waɗannan da'irori daga itatuwan zamaninsa yana komawa baya ta gumaguman tsoffin gidaje, har a 1929 wani guntun gungume da aka tono a Show Low ta jihar Arizona ya cike masa giɓin da ya rage. Tun daga ranar ake iya faɗin ainihin shekarar da aka sare gungumen wani ɗaki a Pueblo Bonito, kuma an san an yi babban fari daga 1276 zuwa 1299, lokacin da mutanen yankin ke barin ƙauyukansu na Mesa Verde. Mai tono a Okala ba shi da gungume ko ɗaya. Dogaronsa kabon-14, awon da Willard Libby ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1940, wanda ke ba da tazara ba shekara ba. Wani abin takaici kuma, tsakanin shekara ta 800 da ta 400 kafin Miladiyya awon yana yin tsaye wuri ɗaya, gawayin da ya girmi wani da shekara ɗari uku sai su ba da lamba kusan ɗaya. Wannan kuwa shi ne daidai lokacin da ƙauyukan farko da ƙarfen farko suka bayyana a Gabon. Shi ya sa gardamar ko maƙeran Otoumbi a kan Ogooué sun riga na Taruga a ƙasar Nok, ko kuwa sa'o'in juna ne, ba ta da ranar ƙarewa.

Wuri ɗaya da ƙasa ta yi sassauci shi ne Oveng, wani tudu a arewa maso gabashin Libreville, a cikin fadamar ruwan gishiri. Mazaunansa na ƙarnonin farko na Miladiyya sun ci naman ƙumba da katantanwar ruwa da yawa, suka tara ɓawon a juji. Allin da ke jikin ɓawon ya kashe tsamin ƙasa, ƙashi ya tsira. Clist da masanin ƙashin dabbobi Wim Van Neer sun tantance tarin ƙayar kifi, da ɗan abin da aka farauto, ga kuma kashin maƙera da ke nuna ana narka tama a wurin.  Masunta ne kuma maƙera, kuma da ba don sun kasance masu son ƙumba ba da ba a san ko ɗaya daga cikin wannan ba.

Wanda ya hau jirgin ƙasa daga Owendo da ke gefen Libreville ya sauka a Lopé zai ga inda daji ya buɗe ya zama fili mai ciyawa. A nan Richard Oslisly da Bernard Peyrot suka shafe shekaru suna hawa tuddai. A 1987 suka gano zane-zanen dutse a Elarmékora, aka ci gaba da samun wasu har adadinsu a kwarin ya kai kimanin 1,800: da'irori cikin da'irori, da wuƙaƙen jifa, da ƙadangaru, an sassaƙa su da bakin ƙarfe. A 2007 UNESCO ta sa Lopé-Okanda cikin wuraren tarihi na duniya, na farko a Gabon. Oslisly ya kuma koyi karanta dajin kansa. Inda aka ga kwakwar manja ta taru a kan tudu, tsohon ƙauye ne. Inda itatuwan okoumé suka tashi sa'a ɗaya, tsohuwar gona ce, domin okoumé ba ya tsira a inuwa. Ke nan katakon da Gabon ta daɗe tana sayar wa Turai, wani kasonsa gadon manoman da aka manta ne.

A Lopé ne kuma aka lura da wani shiru mai ban tsoro. Daga wajen shekara ta 600 zuwa ta 1200 kusan babu gawayin ƙauye ko ɗaya a tsakiyar Ogooué, sai daga baya wasu mutane masu tukwane dabam suka bayyana. A 2021 Dirk Seidensticker da Koen Bostoen da abokansu suka tattara awo fiye da dubu ɗaya daga faɗin dajin Kongo, suka nuna yawan jama'a ya faɗi warwas tsakanin shekara ta 400 da ta 600. Sun kawo yiwuwar annoba mai tsawo, wasu kuma suna cewa wataƙila mutanen sun sauya salon zama ne, suka daina haƙa ramuka, don haka suka ɓace wa mai tono. Wannan suka tana da ƙarfi. Ilimin da ya dogara kacokan a kan rami dole ya makance ranar da aka daina haƙa shi.

Akwai wani kuskure da Turawan farko suka yi, kuma har yau ana maimaita shi, wato ɗaukar rashin babban gini a matsayin rashin sarauta da dukiya. Masanin tarihi Jan Vansina, a littafinsa na 1990 kan al'ummomin wannan daji, ya nuna cewa tushen mulkinsu shi ne gidan babban mutum: shi da matansa da 'ya'yansa da surukai da barori da masu neman mafaka, mutum goma zuwa arba'in, gidaje da dama su haɗu su yi ƙauye. Girman mutum a yawan jama'arsa yake, kuma jama'a ba ta barin kango. A Chaco an ga masu mulki ido da ido a ɗaki na 33 na Pueblo Bonito, inda aka binne mutum 14 da dubban duwatsun ado shuɗɗa, har binciken ƙwayoyin halitta na 2017 ya nuna tara daga cikinsu tsatson uwa ɗaya ne, sun gaji juna kimanin shekara 330. An soki masu binciken, kuma da gaskiyar masu sukar, don ba su nemi izinin jikokin mamatan ba.

Gabon ta samu nata ɗakin a 2018, a kogon Iroungou da ke lardin Ngounié, kusa da Mouila. Sai da igiya ake shiga, a sauka mita 25 ta wata kafa a rufin kogon. A ƙasa an tarar da ƙasusuwan aƙalla mutum 28, manya 24 da yara 4, na ƙarni na 14 da na 15, warwatse tare da kayan ƙarfe fiye da 500: wuƙaƙe, gatura, fartanyu, mundaye, wasu na baƙin ƙarfe wasu na jan ƙarfe. Akwai ɓawon katantanwar teku 127 da aka kawo daga gaɓar Atilantika, da haƙoran namun daji 39 da aka huda don ratayawa. Manyan duk an cire musu haƙoran gaba na sama guda huɗu tun suna raye, alamar ƙabila ko ta matsayi. Mutanen da za su iya zuba ƙarfe ɗari biyar a rami su juya baya ba matalauta ba ne. A zamanin da Sarki Yaji ke mulkin Kano ake wannan jana'iza, amma ko dirka ɗaya ta gidajensu ba ta kai ga zamaninmu ba.

Babban gida ɗaya tilo da mai yawo zai gani a Okala na zamani ne. Hedikwatar CICIBA ce, katafaren ginin kankare da aka fara a shekarun 1980 don ya zama fadar tarihin Bantu, kuɗi suka yanke aka bar shi ba a gama ba, daga baya ɗaruruwan iyalai marasa muhalli suka tare a ciki. Birnin da ke kewaye da shi kuwa bai tsaya ba. Libreville tana da mutum wajen 30,000 lokacin samun 'yancin kai a 1960, ƙidayar 2013 ta ba ta fiye da 700,000, kuma faɗaɗar ta fi ƙarfi ta arewa, wato ta Okala da Angondjé, daidai kan tuddan da mutanen da suka fi so. Katafila tana share ramin shekara dubu biyu kafin direbanta ya gama shan sigari ɗaya.

Maganin ba sabo ba ne, kuma an gwada shi a maƙwabta. Lokacin shimfiɗa bututun man Cadi zuwa Kamaru a farkon shekarun 2000, an wajabta wa kamfanonin su sa masu tonon tarihi a gaban injina, kuma a tsawon kilomita 1,070 aka gano wurare 472. Gabon tana da dokar kare kayan tarihi tun 1994, tana da gidan tarihi na ƙasa a tsakiyar Libreville, tana da ɗaliban da Jami'ar Omar Bongo ke yayewa a wannan fanni. Abin da ya rage shi ne a hana ba da izinin babban gini a Okala da Angondjé sai an duba filin. Kafin hukuma ta kai ga haka, nauyin yana kan magina da leburori da masu filaye, waɗanda da yawansu 'yan Afirka ta Yamma ne, har da Hausawa. Duk wanda ke haƙa harsashi ko masai ya ci karo da baƙar ƙasa mai gawayi da tsingaro a tsakiyar ja, ya dakata, ya ɗauki hoto da waya, kada ya kwashe kayan daga inda suke, ya kai labari gidan tarihi ko sashen tarihi na jami'a.